Lauyan Wanda Kowa Ya Tsana

A watan Oktoba na 2017 aka mai da wasu ɗakuna na barikin soja da ke Wawa, kusa da Kainji a Jihar Neja, suka zama kotuna. Mutum 1,669 ke tsare a wurin bisa zargin alaƙa da Boko Haram, wasunsu sun shekara uku, huɗu, biyar ba su taɓa ganin fuskar alƙali ba. Alƙalai huɗu na Babbar Kotun Tarayya suka zauna, ƙofa a rufe, ba ɗan jarida ko ɗaya. Da aka tashi gwamnati ta sanar cewa an ɗaure mutum 45, daga mai shekara 3 zuwa mai shekara 31, an kuma sallami 468. A zama na biyu, cikin Fabrairun 2018, aka ɗaure 205, aka sallami 526.

An yi ta maganar alƙalan, an yi ta maganar masu gabatar da ƙara daga Ma'aikatar Shari'a. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne 'yan baƙaƙen rigunan da ke zaune a ɗaya gefen, lauyoyin hukumar nan ta gwamnati mai tsaya wa marasa galihu a kotu, wadda aka fi sani da Legal Aid. Su aka ɗora wa kare waɗannan mutane. A duk faɗin sana'ar lauya ban san wani reshe da ya kai wannan rashin farin jini ba. Lauyan da ke kare ɓarawon gwamnati ana zaginsa a bayan ido, amma ana ba shi kujerar gaba a wurin ɗaurin aure. Wanda ya tsaya wa wanda ake zargi da dasa bam kuwa, hatta a gidansu sai an tambaye shi: “Wai kai ba ka tsoron Allah ne? In da ƙaninka ne ya mutu a tashar nan fa?”

Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata a amsa ta da ɗaga hanci ba. Wanda ya kwashi gawa a Sabon Garin Kano ko a Nyanya ko a Baga yana da haƙƙin yin ta. Ga kuma tsohuwar tsama da ke tsakanin Bahaushe da lauya. A zamanin En'e ba a barin lauya ya tsaya a gaban alƙali, mutum da bakinsa yake magana, shi ya sa har yau a kunnen dattawa da yawa lauya shi ne mutumin da ake biya ya mai da ƙarya gaskiya. Masu ilmin addini kan ƙara da ayar nan ta Suratun Nisa'i da ta hana tsaya wa maha'inta. Sai dai duk wanda ya zauna tafsiri ya ji dalilin saukarta. Wani mutum daga gidan Banu Ubairiƙ ne ya saci sulke a Madina, ya kai shi gidan wani Bayahude, danginsa suka taru suna wanke shi suna shafa wa Bayahuden kashin kaji. Ayar ta sauka ta tona ɓarawon, ta kuɓutar da marar laifin da ba shi da mai tsaya masa. Abin da ta hana shi ne ka san gaskiya ka rufe ta. Ba ta hana a tambayi mai ƙara ina hujjarsa ba, domin ƙa'idar da alƙalan Musulunci suka ginu a kai ke nan, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ma abin da ya ce ke nan da nasa harshen: mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa, da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa.

To, me lauyan yake yi a zahiri? Mutane sun ɗauka aikin shi ne iya zuba Turanci da hular gashin doki a ka. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a Makarantar Lauyoyi, ko ta Bwari ko ta Bagauda ko ta Yola, duk ba sa koya wa mutum aikin farko na shari'ar ta'addanci, wato gano inda wanda za ka kare yake. Uwa ce za ta zo, ko mata, da hoton fasfo a ƙulle cikin leda, ta ce an zo da dare an tafi da shi, yau wata bakwai. Soja ne? DSS ne? 'Yan sanda ne? Ba ta sani ba, motar ba lamba. Lauya zai rubuta wasiƙa nan, ya rubuta can, ya zauna a benci a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar a ce masa Oga ba ya nan. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma dokar ta'addanci ta buɗe wata ƙofa: gyaran da aka yi mata a 2013 ya bai wa hukuma damar zuwa wurin alƙali ita kaɗai, ba tare da ɗaya ɓangaren ba, ta karɓo izinin tsare mutum kwana 90, ana iya sabuntawa. Sabuwar dokar 2022 ta mai da shi kwana 60. Wannan ga waɗanda aka damu a nemo musu takarda ke nan. Dubbai an tsare su ba ko takardar. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun daga 2011, akasari saboda yunwa, ƙishirwa, cunkoso da cuta. Sojoji sun musanta. Amma ka tambayi mutumin Maiduguri abin da sunan barikin Giwa ke sa masa a zuciya.

In an yi sa'a an gurfanar, sai a miƙa wa lauya takardar tuhuma da abin da ake kira hujjoji. A nan ne sana'ar take. A mafi yawan irin waɗannan shari'o'i ba bindiga a gaban kotu, ba hoton yatsa, ba shaidar gani da ido, domin ƙauyen da abin ya faru ya watse, sojan da ya yi kamun an yi masa canjin wurin aiki sau uku ko ma ya rasu. Abin da ya rage takarda ɗaya ce: jawabin da aka ce wanda ake tuhuma ya yi da bakinsa yana amsa laifi. Takardar da Turanci take. Mutumin Kanuri yake ji, ko Shuwa, ko Marghi, Hausarsa ma ta kasuwa ce. A ƙasan takardar ga dangwalen babban yatsa. Lauyan da ya san aikinsa zai zauna da takardar nan yana tambayarta kamar mutum. Wa ya fassara? Ina sunansa, ina sa hannunsa? An karanta wa mai dangwalen abin da aka rubuta? Me ya sa jawabin mutum goma da aka kama a garuruwa daban-daban ya zo da kalmomi iri ɗaya, har kuskuren rubutu iri ɗaya? Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan jawabi a gaban lauya, ko a naɗe shi a bidiyo. Ina bidiyon? Dokar shaida ta 2011 ta ce ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ba ya karɓuwa, an kuma yi dokar hana azabtarwa a 2017.

Idan wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi, ko rataye shi aka yi, sai babbar shari'ar ta tsaya cak, a buɗe wata ƙarama a cikinta. Jami'in da ya ɗauki jawabin zai shiga akwatin shaida ya rantse cewa cikin lalama aka yi komai, har ruwan sanyi aka ba shi. Mutumin zai ɗaga riga ya nuna tabo. Lauya zai titsiye jami'in da tambayoyi: ƙarfe nawa aka fara, mutum nawa ne a ɗakin, da mari a ƙafarsa ko babu. Sau da yawa shaidan yana bayan labule ko fuska a rufe, sunansa kuma harafi ne kawai, domin kotu ta yarda a ɓoye shi saboda tsaron ransa. Dalilin a fili yake, ba na musunsa. Amma duk wanda ya taɓa yin ciniki ya san rabin gaskiyar mutum a fuskarsa ake karanta ta, lauya kuma an hana shi wannan rabin.

Wannan ƙaramar shari'a kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Khalid al-Barnawi, wanda ake tuhuma da harin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja na ranar 26 ga Agusta 2011, an kama shi a Lakwaja a 2016, an gurfanar da shi a 2017, shekara takwas bayan haka ana nan ana zama ana ɗagewa. Mutane kan ɗora laifin jan ƙafa a kan lauyoyin kariya, kuma gaskiya akwai masu yin haka da gangan. Amma a nemi littafin kotu a ƙirga sau nawa aka ɗage don ba a kawo fursuna ba, motar gidan yari ba mai, sau nawa don ba tafinta, sau nawa don an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara an koma farawa daga tushe.

Akwai iyakar da sana'ar ta shata, wadda 'yan waje ba su cika sani ba. Idan mutum ya faɗa wa lauyansa a asirce cewa shi ya aikata, lauyan ba zai tona ba, amma kuma ba shi da izinin tsayawa ya ƙirƙiro labarin cewa a ranar mutumin yana Legas, ko ya kawo shaidar zur. Abin da ya rage masa shi ne ya ce wa gwamnati ta tabbatar da abin da ta faɗa, ko ya ba mutumin shawara ya amsa laifi a roƙa masa sassauci. Idan kuma laifin na kisa ne, ko da mutum ya ce ya amsa, kotu kan rubuta cewa bai amsa ba, dole a kawo hujja, dole kuma a samar masa lauya. Kabiru Sokoto, wanda aka danganta da harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011, ya tsere daga hannun 'yan sanda a Abaji, aka sake kama shi a Mutum Biyu, aka yi masa shari'a a bainar jama'a da lauyoyinsa a gefensa. Sun yi iya yinsu, a Disambar 2013 Mai Shari'a Adeniyi Ademola ya yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Samun lauya bai kuɓutar da shi ba. Abin da ya yi shi ne ya sa hukuncin ya zama wanda ba mai cewa an yi shi a duhu.

Amma irin su Kabiru Sokoto ba su ne cikon ɗakunan Kainji ba. Dokar ta'addanci tana da faɗi ƙwarai. Ba da tallafi laifi ne, kuma tallafi ya haɗa da abinci da mai da magani. Sanin wani abu game da 'yan ƙungiyar ka ƙi kai rahoto shi ma laifi ne mai ɗaurin shekaru. Ka ɗauki wannan ka kai shi Gwoza ko Bama a 2014, lokacin da garuruwan ke hannun Boko Haram, ba soja, ba ɗan sanda, ba hakimi. Bakaniken da aka ɗora wa bindiga ya gyara babur ya ba da tallafi. Manomin da aka karɓi buhun gero daga gonarsa da sunan zakka ya ba da tallafi. Duk wanda ke garin ya san su bai kai rahoto ba, to wa zai kai wa? Ga kuma irin shari'ar Haruna Yahaya, mutum na farko da aka ɗaure kan sace 'yan matan Chibok, a Fabrairun 2018. Mai lalurar hannu da ƙafa ne, ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka je, lauyansa ya roƙi sassauci da cewa tilasta masa aka yi. Kotu ba ta karɓi uzurin ba, ta ba shi shekara 15. Wataƙila ta yi daidai. Amma sai da wani ya tashi ya faɗi uzurin kafin a auna shi a ga bai kai ba. Lauya a nan matankaɗi ne, ba shi ya ce wannan gari ne wannan tsaki ba, amma in babu shi duk tare za a tuƙa.

A Kainji matankaɗin ya yi aiki ne da ƙyar. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta sa ido a zaman 2018, ta ce wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, ba ƙwararrun tafintoci, kusan komai a kan ikirari ya dogara, kuma mutane da yawa a ranar shari'ar suka fara ganin lauyansu. Ba na ganin laifin lauyoyin. Hukumarsu, wadda aka kafa tun 1976, a kullum cikin ƙarancin ma'aikata da kuɗi take. Mutum ɗaya a miƙa masa tulin fayil da safe a ce zuwa azahar za a fara, me zai yi in ban da ya tambayi mutumin ko zai amsa laifi a lissafa masa shekarun da ya riga ya yi a tsare? Wanda ya shekara biyar a ɗakin da ba wurin miƙe ƙafa, ka ce masa in ya amsa zai fita baɗi, in ya musa sai yadda hali ya yi, ai ka san abin da zai zaɓa, ya yi ko bai yi ba. Su kuwa ɗaruruwan da aka sallama, galibi gwamnati ce da kanta ta ga ba ta da abin da za ta tuhume su da shi. Wannan rashin hujjar tun makon farko yake nan. Wanda zai tambaya ne babu.

Batun kuɗi gajere ne: babu. Iyalan na sansanin gudun hijira. Lauya mai zaman kansa da ya karɓi irin wannan aiki da aljihunsa yake zuwa Abuja, kuma yana yi yana sane cewa bankin da ke ba shi aiki ba zai so ganin sunansa a jarida kusa da kalmar Boko Haram ba.

Sai hatsari, wanda ke zuwa ta gaba da ta baya. Masu kallon finafinan Indiya wataƙila sun ga fim ɗin Shahid, wanda aka gina a kan rayuwar Shahid Azmi, lauyan Mumbai da shi kansa ya yi zaman kurkuku yana matashi a ƙarƙashin dokar ta'addanci, ya fito ya karanta shari'a. Yana kare Fahim Ansari, ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma da taimaka wa maharan Mumbai na 2008, aka shiga ofishinsa ranar 11 ga Fabrairu 2010 aka harbe shi, yana da shekara 32. Wata uku bayan haka kotu ta wanke Ansari, Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar a 2012. A Belfast, a 1989, an harbe Pat Finucane a gaban matarsa da 'ya'yansa suna cin abinci, saboda yana kare 'yan tawayen IRA, kuma a 2012 Firaministan Birtaniya David Cameron ya nemi gafara kan hannun da jami'an gwamnati suka sa a kisan. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda kake karewa kansa yana iya ɗaukarka kafiri mai yi wa ɗagutu aiki. Umar Faruk Abdulmutallab, ɗanmu na Funtuwa da ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke sauka Detroit ranar Kirsimetin 2009, ya kori lauyoyin da gwamnatin Amurka ta ba shi ya ce zai kare kansa. Alƙaliya ta naɗa Anthony Chambers ya zauna kusa da shi ko da zai buƙaci shawara. Chambers ya shirya tsaf, a rana ta biyu ta shari'ar Faruk ya miƙe ya amsa dukkan tuhume-tuhumen, ba da son lauyan ba.

Kada kuma a ce na wanke 'yan sana'ar tas. Akwai mai zamewa daga lauya ya koma ɗan aike. Lynne Stewart ta New York ta kare Shaihu Umar Abdurrahman, malamin nan makaho ɗan Masar, ta sa hannu cewa ba za ta fitar da saƙonsa waje ba, sai ga shi a 2000 ta isar wa ɗan jarida matsayinsa kan tsagaita wutar da mabiyansa suka yi a Masar. An same ta da laifi a 2005, daga baya hukuncin ya kai shekara 10. Masoyanta sun ce an yi mata tsanani, amma ni a ganina ta tsallake layin. Lauyan da ya ɗauki saƙo daga kurkuku zuwa daji ya bar sana'ar, kuma ya ja wa sauran, domin da irinsa ake kafa hujja a hana kowa ganin wanda yake karewa.

Maƙwabtanmu sun nuna mana fuska biyu ta lamarin. A Chadi, cikin Agustan 2015, an yanke wa mutum 10 hukuncin kisa kan hare-haren Njamena, washegari aka harbe su, ba a bar ko kwanan ɗaukaka ƙara ba. A Kamaru kuwa, masu sauraron RFI Hausa ba su manta da Ahmed Abba ba. An kama shi a Marwa a Yulin 2015, ya yi watanni ba lauya ba dangi, aka kai shi kotun soja a Yawunde a ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2014, aka ba shi shekara 10 a Afrilun 2017 kan zargin ƙin tona asirin 'yan ta'adda da taɓa dukiyarsu. Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara, aka rage hukuncin, ya fito a Disambar shekarar. Ɗan jarida ne mai gidan rediyon duniya a bayansa, amma a takarda sunansa wanda ake zargi da ta'addanci, daidai da bakaniken Gwoza.

Mu kanmu mun gwada hanyar da ba lauya. Ranar 30 ga Yuli 2009 soja suka kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda a Maiduguri, kafin gari ya waye gawa ce. Mutane da yawa sun yi murna a ranar, an huta da ɓata lokacin kotu. Surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma aka kashe shi, iyalansa suka je kotu suka yi nasara, gwamnatin Borno ta biya naira miliyan 100 a 2012. Ba zan ce da an yi wa Yusuf shari'a da ba a yi yaƙi ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da ke fili shi ne, ba a taɓa tsayar da shi a akwati an tambaye shi wa ke ba shi kuɗi, wa ke karɓar belinsa, ina makaman suka fito ba. Amsoshin sun bi shi kabari, bidiyon gawarsa kuma ya zama abin da magajinsa Shekau ya yi shekaru yana tara mayaƙa da shi.

An ci gaba da zaman Kainji a 2023 da 2024, kuma har yanzu nauyin kariyar a wuyan lauyoyin Legal Aid yake. Arewa ba ta rasa manyan lauyoyi ba, ga su nan a Kano, Kaduna, Maiduguri da Abuja, ana ganinsu reras a kotunan zaɓe. Cikin sharuɗɗan neman muƙamin babban lauya na SAN akwai nuna shari'o'in da mutum ya yi kyauta. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA na Maiduguri da Damaturu da Yola su nemi jerin sunayen waɗanda ke tsare ba shari'a, su raba wa manyan nan fayil biyar-biyar, gwamnati kuma ta ba su izinin ganin mutanen tun kafin ranar zama, tare da tafintan da ke jin Kanuri.